Jan Biro a Ampang

Ranar ƙaramar Sallar da ta wuce muna zaune a falona a Wangsa Maju ana cin waina da miyar taushe, sai Ummi, 'yar ƙawata Hajiya Rabi da ke karatu a wata kwaleji a nan Setapak, ta ajiye cokali ta ce, "Anti Binta, don Allah ki sama min aikin nan naki mana. Koya wa yaran Koriya English, ai easy ne. A for apple, ki yi musu waƙa, ki dawo gida. Boleh lah, ai zai yiwu."

Ƙawayenta biyu suka gyaɗa kai, su ma suna so. Ban amsa ba, domin bakina cike yake da waina, kuma ranar Sallah ba a faɗa. Na bari suka ƙoshi. Abin da na faɗa musu bayan la'asar shi nake rubutawa a nan, don na lura ba su kaɗai ke yi wa rogo kallon kitse ba.

Kafin in zo ƙasar nan ta 'yan Malay na yi shekara goma sha ɗaya ina koyarwa a firamare a Gwale. Ajina ba ya kasa yara tamanin. Kayan aikina uku ne: alli, tsumagiya da jan biro. Alli yana ƙarewa, tsumagiya tana karyewa, amma jan biro shi ne malami. Ɗalibi bai isa ya riƙe shi ba. Da shi hedimasta yake sa hannu, da shi ake rubuta sunan wanda ya zo na ɗaya a jikin takardar sakamako, uwarsa ta kai ƙasan akwati ta ajiye tare da zannuwan fita. Da maigidana Baban Khalil ya samu tallafin karatun digiri na uku muka tattaro, cikin kayana har da kwalin jan biro guda, na cusa shi tsakanin kuka da daddawa. Ban san me zan yi da shi ba. Na dai san ba na tafiya ƙasar mutane hannu rabbana.

Shekara biyu na yi a gida, a hawa na goma sha huɗu, ina kallon jirgin ƙasa na LRT yana wucewa. Maƙwabciyata Kak Ros, wata 'yar Malay mai kusan shekara hamsin, ita ta gaji da ganina. Tana koyarwa a wata makarantar yamma ta 'yan Koriya a Ampang, kuma suna neman malama. Ita ta kai ni, ita ta tsaya min, ita ta koya min aikin.

Makarantar tana bene na biyu, a saman wani gidan gashin nama wanda ban taɓa tambayar naman mene ne ba, don na sani. Ana cire takalmi a ƙofa a sa silifa. Yaran suna zuwa ne bayan sun tashi daga makarantarsu ta safe, daga ƙarfe uku zuwa bakwai. Yawancinsu iyayensu maza suna can Koriya suna aiki, iyaye mata ne suka kawo su nan don su iya Turanci. Mai makarantar, Madam Han, 'yar ƙaramar mace ce da ba ta ɗaga murya. Ban taɓa ganin wanda ya bar ta ta maimaita magana ba.

Ajina na farko yara takwas ne. Na shiga da ƙwarin gwiwar wadda ta saba da tamanin, na ce "Good afternoon, class!" da muryar Gwale, ina jiran su miƙe su amsa baki ɗaya. Ba wanda ya motsa. Wata yarinya ta toshe kunne. Can wani yaro mai gilashi ya ɗaga hannu cikin ladabi, ya dubi hijabina, ya ce, "Teacher, do you have ears?" Na ce ina da su, guda biyu. Ya rubuta wani abu a littafinsa.

Da aka tashi Kak Ros ta ja ni gefe. "Binta, rage murya lah. Yara takwas ne, ba filin ƙwallo ba."

Wata uku na yi ina zama a bayan ajinta kamar 'yar koyo, ni da nake da shekara goma sha ɗaya a aiki. A nan na ga kayan sana'ar. Babu tsumagiya, wannan ku cire shi a ranku, ko harara mai ƙarfi sai an kira ki ofis. Akwai katunan hotuna da aka lulluɓe da roba don kada a tauna su. Akwai agogon girki mai siffar ƙwai, domin yaran nan ba sa jin "ku yi sauri," amma in suka ji ƙwai yana ƙas-ƙas sai hannu ya kama rawa. Akwai sitika. Kada ku raina sitika. Na ga yaron da direba yake kawowa a mota mai tsada yana kuka da majina saboda tauraron takarda ɗaya. In kuwa rigima ta tashi kan wa zai fara, ba ruwanki da shari'a. Suna da wasan hannu na almakashi da dutse da takarda, su jefa sau ɗaya, wanda ya faɗi ya koma ya zauna ba ɗaukaka ƙara. Na daɗe ina tunanin da za a kai wannan wasa gida, da an huta da abubuwa da yawa.

Sai harshe. Madam Han ta saurari ajina ta ce Turancina daidai ne, amma iyaye Turancin Amurka suke biya wa kuɗi. Ta ba ni muryoyi a waya, ina sauraro a jirgi daga Wangsa Maju zuwa Jelatek, ina murɗa baki ni kaɗai, mutane suna matsawa. Abin da ya fi ba ni wuya shi ne wanda ya fi ba yaran wuya, wato raba "p" da "f". Ciwonmu ɗaya ni da su. Kak Ros ta nuna min dabarar riƙe tishu a gaban baki, in ya tashi kin faɗi ɗaya, in bai tashi ba kin faɗi ɗayan. Sai na yi atisaye a gida da safe, in zo da yamma in koya musu kamar da shi aka haife ni.

Amma abin da Ummi ba ta sani ba shi ne, yara ba su ne masu cinikin ba. Iyaye mata ne. Suna zaune a shagon kofi da ke ƙasa, su shida, su bakwai, da wayoyinsu, kuma suna da zaure ɗaya a waya wanda ba a sa malamai. Kowace rana sai kin rubuta wa kowace uwa abin da ɗanta ya koya, da abin da ya kasa, kuma abin da ya kasa sai kin nannaɗe shi da kyau kamar ƙwai. Komai za ki miƙa musu, ko takarda ce, da hannu biyu. Komai za ki karɓa, da hannu biyu. Suna da kirki, suna kawo kyauta, akwai wadda ta gano ina azumi ta riƙa aiko min da dabino. Sai dai tare suke zuwa, tare suke tafiya. In uwa ɗaya ta cire ɗanta da fushi, ki fara kwashe katunanki.

In ana maganar muguwar shekara kowa korona yake nufi, kuma gaskiya ne. Iyalai suka koma gida jirgi-jirgi. Mu malamai tara ne, muka koma uku. Na koyar ta kwamfuta daga kan teburin cin abinci, ina ɗaga kati ga yaran da suka kashe kyamara, ban sani ba ko suna nan ko sun tafi wanka. Kak Ros ta koma garinsu tana yin kek, ba ta dawo ba. Wannan shekara ta ci mutane da yawa a sana'ar. Amma ni abin da ya kusa cin aikina ya faru tun kafin nan, a shekarata ta biyu, kuma da hannuna na jawo shi.

Sai na fara yi muku bayanin suna. Duk yaron da ya shigo makarantar ana ba shi sunan Turawa, Kevin, Amy, Daniel, kuma ofis ne yake buga sunayen a jikin littattafai da rajista. Don haka shekara guda da rabi ina aiki ban taɓa rubuta sunan yaro da hannuna ba. Gyaran aiki kuwa da jan birona nake yi, ba wanda ya ce uffan, domin su ma da ja suke gyara. Abin da kawai Kak Ros ta gyara min shi ne, a wurinsu amsar da ta yi daidai zagaye ta ake yi, ba a yi mata ƙugiya irin tamu. Na koyi zagaye. Na ɗauka na gama sanin dokar jan biro.

A ajina na 'yan shekara tara akwai wata yarinya da ake kira Jenny. Wata uku ta yi ba ta ce komai ba. Tana zama kusa da ƙofa, tana yin aikinta tsaf, in na tambaye ta sai ta dubi silifanta. Na gwada sitika, na gwada ƙwai, na gwada waƙa har da rawa, abin da ban taɓa yi wa mijina ba. Shiru.

Ina yin sallar la'asar ne a ɗakin ajiya, tsakanin kwalayen littattafai. Wata rana na sallame na gan ta tsaye a bakin ƙofa.

"Teacher, who are you talking to?"

Jimla cikakkiya, ba kuskure ko ɗaya. Na ce da Allah nake magana.

Sai ta ce, "Tell him my father." Ta dafa cikinta. A haka na san ubanta yana kwance a Koriya, kuma shi ya dage su zauna a nan ta ƙarasa shekarar karatu.

Daga ranar bakinta ya buɗe. Kullum sai ta jira ni a bakin ɗakin ajiya ta tambaye ni ko na faɗa, in ce na faɗa. Kafin ƙarshen zango ta fi kowa karatu a ajin. Na so yarinyar nan, ba zan ɓoye ba. Kuma son ne ya kai ni.

A ƙarshen zango ana ba wanda ya fi ƙwazo takardar yabo a gaban iyaye. Na ce a raina, ba zan ba ta takarda da sunan aro ba. Na tambaye ta sunanta na gaskiya, ta ce Soyon. Na leƙa fayil ɗin ofis na kwafo yadda ake rubuta shi da baƙaƙensu, masu kama da ƙananan tagogi da tsani. Mako guda ina koyonsa a jirgi, a kan gwiwata, har na iya shi ba kallo. Na roƙi ofis su bar min gurbin suna fari. Ban faɗa wa kowa dalili ba, ina so ya zama ba-zata. Kak Ros kuma ta tafi garinsu biki. Ranar Juma'a na ɗauko sabon jan biro wanda ba a taɓa buɗewa ba daga kwalin nan na Kano, na zauna na rubuta sunan, manya-manya, yadda hedimastanmu yake yi wa na ɗaya.

Iyaye suna tsaye a bayan aji. Na kira ta da sunanta na gaskiya, fuskarta ta washe. Ta zo ta karɓa da hannu biyu, ta sunkuya, sannan ta duba. Na ga murmushin ya tsaya a inda yake. Wani yaro da ke kusa ya leƙa ya ja numfashi, ya ce da ƙarfi, shi a ganinsa taimakona yake yi, "Teacher, red name! Somebody die. Mama or papa."

Uwar ta tako a hankali. Ta zare takardar daga hannun yarinyar, ta ninke ta biyu, ta ajiye a kan teburina, ta sunkuya min kaɗan, ta kama hannun 'yarta suka fita. Ba wanda ya ɗaga murya. Da zagina ta yi, da na san yadda zan yi.

A ofis Madam Han ta yi min bayani. A wurinsu tun da can sunan mamaci ake rubutawa da ja. Ba a yi wa mai rai, ko da wasa. Ta ce ita dai ba ta yarda da wannan ba, tsohon camfi ne, ita mai zuwa coci ce. Amma na lura da yatsa biyu ta ɗauki takardar. Sannan ta faɗa min abin da ban sani ba: Asabar ta sama Soyon da uwarta za su tashi zuwa Koriya, za a yi wa uban aiki a ciki.

Ranar Litinin yara uku suka zo cikin takwas. Madam Han ta ce, da muryarta ta kullum, in Jenny ba ta dawo ba sauran ba za su dawo ba, in ba su dawo ba babu aji, kuma ba ta ajiye malamin da ba shi da aji.

Na koma gida ina tafasa. Na ce wa Baban Khalil, mutane da jirgin ƙasa mai gudu kamar harsashi, da waya mai ninkewa, amma tawada ta tayar musu da hankali? Ajali a hannun Allah yake, ba a bakin biro ba. Ya bari na gama, yana ɓare lemo.

"Gaskiya ne," ya ce. "Jiya da Khalil ya tsallake ƙanwarsa tana kwance, wa ya sa shi ya dawo ya tsallako da baya?"

Na ce wannan daban ne.

"To," in ji shi. Ya miƙo min lemon.

Ban sha ba. Domin da fushin ya sauka, abin da ya rage ba aikin ba ne kaɗai. Yarinyar da take tsayawa a ƙofa kullum tana tambayata ko na faɗa wa Allah zancen ubanta, ita ce za ta hau jirgi da tunanin na rubuta masa mutuwa. Wannan ya dame ni fiye da yadda zan iya faɗa.

Na aika saƙon ban-haƙuri ta waya, aka karanta, ba a amsa ba. Madam Han ta ce in aika kwandon 'ya'yan itace da wasiƙa. Na ce a garinmu ba a aika ban-haƙuri, kai shi ake yi da ƙafa, kuma ba a zuwa sai da babba. Kak Ros ta dawo ranar Talata, na ba ta labari, ta dafe kai ta ce, "Ya Allah, Binta, ai na manta ban faɗa miki ba. Kowa ya san wannan." Na ce kowa ban da wadda ta fi bukata. Rashin sani ya fi dare duhu.

Ranar Laraba da yamma muka hau hawa na ashirin a wani dogon gini a Ampang, da kwandon 'ya'yan itace na Madam Han da robar cincin ɗina. Uwar ta buɗe, ta karɓa da hannu biyu, ta nuna mana kujera. Akwatuna biyu suna buɗe a falo. Ban zauna a kujerar ba. Na durƙusa a ƙasa, gwiwa biyu, yadda nake durƙusa wa surukata, domin ban san wata hanyar ba da haƙuri ba, kuma durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Matar ta rikice, ta yi ƙoƙarin ɗaga ni, ta kasa, sai ita ma ta durƙusa. Kak Ros ta duba hagu da dama, ta sauko da ƙyar tana riƙe da gwiwa. Muka zauna a ƙasa mu uku, kujera tana kallonmu.

Na yi mata bayani da Turanci a hankali. Na ce a ƙasarmu ja na wanda ya fi kowa ne, kuma mako guda na yi ina koyon sunan. Ta saurara har na gama.

"Na san ba ki sani ba, Teacher," in ji ta. "Ni ban riƙe ki ba. Amma ita ba ta cin abinci. Ta ce laifinta ne, don ita ta karɓa da hannu biyu."

Na ga inuwar ƙafa a ƙarƙashin ƙofar ɗaki. Na ce, "Soyon." Ƙofar ta buɗe kaɗan.

Malami ba ya rabuwa da halinsa, ko a durƙushe yake sai ya nemi ba da darasi. Na buɗe jaka na ciro farar takarda da jan biron nan, na rubuta sunana, BINTA, manya-manya, na ɗaga mata. Na ce, "Look. Mine too. Nothing will happen." Nufina ta ga ban ji tsoro ba, ita ma ta daina.

Yarinyar da ta yi wata uku ba a ji muryarta ba ta ƙwalla ƙara, "No!" Ta fito da gudu ta fizge takardar ta koma ɗaki. Na ce shi ke nan, garin gyaran gira na tsone ido. Sai ga ta ta dawo da baƙin biro. Ta kwanta rub da ciki a gabanmu, ta fara bin sunana harafi bayan harafi, tana rufe jan da baƙi. Ta danna da ƙarfi har takardar ta huje a wurin T. Da ta gama ta duba ta ga ba inda ta tsallake, ta miƙe, ta miƙo min da hannu biyu.

"Now okay, Teacher. You don't die."

Na karɓa da hannu biyu. Idona ya cika, ban kuma ɓoye ba.

Takardar yabon tana cikin jakata a ninke tun ranar Juma'a. Na ciro ta na shimfiɗa a ƙasa, na miƙa hannu, ta ba ni baƙin biron. Na bi sunanta kamar yadda ta bi nawa, taga bayan taga, tsani bayan tsani, tana tsugune a kaina tana nuna min inda ja ya leƙo. Da na gama ta ɗauka ta kai cikin akwatin da ke buɗe, ta sa a tsakanin rigunanta. Uwar ta rufe fuska da hannu, kafaɗunta suna rawa, ban sani ba ko dariya take ko kuka. Kak Ros ta buɗe robar cincin ta tura wa yarinyar, ta ce, "Makan, makan," wato ci, ci. Yarinyar ta ci.

Daga baya na tambayi Madam Han ko haka ake karya abin a Koriya. Ta ce ita ba ta taɓa ji ba.

Suka tafi ranar Asabar. Mako uku ina koyar da yara uku a aji mai kujera takwas, iyaye suna jiran labari a shagon kofi, ni ina jira a ɗakin ajiya. Na yi wa mutumin da ban taɓa gani ba addu'ar da ban yi wa wasu dangina ba. Ba zan yi muku ƙarya ba, har da kaina nake yi wa, domin na san in ya mutu, ko da baƙin fenti na shafe sunan, ni ce malamar da ta rubuta da ja. Allah ya tashi kafaɗarsa. Wata Litinin na shigo na ga silifa takwas sun ɓace daga ma'ajiyarsu a bakin ƙofa. Soyon tana zaune a wurinta. Ta ɗaga hannu ta ce ubanta ya ci shinkafa.

Shekara biyu ta ƙara yi a hannuna kafin korona ta mayar da su gida. Tun daga ranar nan da koren biro nake gyara. Sauran jajayen na ba Baban Khalil, yana zubar wa ɗalibansa na jami'a jini da su, ba wanda ya mutu.

Da na kai nan Ummi ta ce, "Anti, da gaske? Takardar sunanki tana nan?"

Na tashi na ɗauko jakar aiki. Tana cikin aljihun ciki, a cikin robar da muke lulluɓe kati. Ummi ta miƙo hannu ɗaya, ɗayan yana riƙe da waya. Na riƙe takardar ban saki ba. Ta ja kaɗan, ta dube ni, ta dubi ƙawayenta. Sannan ta ajiye wayar a kan kafet ta sa hannu biyu.

Ta ɗaga ta wajen taga ta daɗe tana kallo. "Anti, ai har yanzu ana ganin jan a gefe-gefe."

Na ce ana gani. Na ce in har yanzu tana so, ta same ni a tashar Wangsa Maju ranar Litinin ƙarfe biyu, ta zo da silifa, za ta zauna a bayan ajina wata uku ba ta ce komai ba.